Ilmi Da Fasaha: Idon Da Ba Ya Ƙiftawa

Yau maganarmu a kan kyamara ce mai saurin ɗauka, wadda ta zama idon masana'antu.

Asalin abin gardama ce. A shekarar 1878, can Kalifoniya ta Amurka, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 don a gano ko doki in yana sukuwa yakan ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa gaba ɗaya. Hotuna suka ce haka ne. A 1969 kuma Willard Boyle da George Smith suka ƙago ɗan allon da ke mai da haske lantarki. Ta nan kyamara ta rabu da fim, kwamfuta ta sami ido.

Majigin silima hotuna 24 yake nunawa a daƙiƙa. Wannan kuwa tana iya ɗaukar dubbai. A injin gyaran shinkafa, ƙwayoyi na kwararowa, ita tana duban kowace ɗaya. Da ta hangi tsakuwa ko baƙar ƙwaya, sai kwamfuta ta sa bututu ya feso iska ya ture ta gefe. Haka ake kama kwalba mai tsaga da ƙwayar magani da ta karye.

To, ga abin lura. Aikin tsinta da hannu, wanda ke ciyar da mutane da yawa, yana komawa ga inji. Amma inji ba ya saita kansa, ba ya gyara kansa. Ya kamata makarantunmu na koyon sana'a su horar da samari wannan aiki. In ba haka ba, mu sayo idon daga waje, mu kuma yi hayar likitansa daga waje.