Ruwan Wankin Kuza Da Rijiyoyin Bauci

Unguwar Gwallameji, wadda take maƙwabtaka da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a kan hanyar Das, ba wurin haƙar ma'adinai ba ce. Unguwa ce ta ɗalibai da ma'aikata da masu ƙananan sana'o'i, kuma ko da yake madatsar Gubi ce ke shayar da birnin Bauci, gidaje da yawa a can da rijiya da burtsatse da ɗan garuwa suka dogara. To, duk mai shan ruwan ƙasa, abin da ake zubarwa a ƙasa ya shafe shi, ko da bai taɓa riƙe diga ba. Saboda haka mutumin Bauci da ke Agege ko Sabo ta Badun ko Anaca, wanda ya aika da guminsa gida aka gina masa ɗakuna aka haƙa rijiya, yana da haƙƙin ya tambayi inda ruwan wankin ma'adinai yake kwarara a jiharsa.

Sanin kowa ne ba yau aka fara ba. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dira a kan tsaunukan Jos, waɗanda a lokacin sunan Bauci suke amsawa, suka tare rafuka, suka yi ta wanke ƙasa suna kwashe kuza. Da farashinta ya faɗi a 1985 sana'ar ta durƙushe, aka bar wa talakawa ɗaruruwan kududdufai masu zurfi waɗanda sun sha cin mutane da dabbobi. Ruwan Dilimi da ya ratsa wannan ƙasa kuwa ta Toro yake biyowa kafin ya zama kogin Jama'are, kuma a Toro ɗin har yau ana haƙa ana wanki.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa darasi. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Bagega, mutane suka riƙa kai duwatsun zinariya cikin gida suna daka su kamar hatsi, ba su san akwai dalma a ciki ba. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta shiga tafkunan da ake wanki. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa kafin maganin likitoci ya yi amfani. A 2015 irin wannan masifa ta auka wa Shikira ta Jihar Neja. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Kada kuma mazauna Kurmi su ɗauka zancen can gida ne kurum. A ƙasar Ilesha akwai samarin Arewa masu yawa cikin ramukan zinariya, kuma a 2022 gwamnatin Oshun ta gargaɗi jama'a kada su sha ruwan kogin Oshun saboda gurɓacewa. In rai ya ɓaci, ba a neman mai injin haƙa da ke zaune a birni. Lebura baƙo mai kwano a hannu shi ake nunawa da yatsa, da shi da duk mai jin harshensa.

Abin takaici shi ne gyaran ba ya bukatar wani tsafi. Maimakon a wanke ƙasa cikin rafi, sai a haƙa kududdufai biyu ko uku a jere, nesa da rijiya, a daɓe gindinsu da yumɓu. Ruwan wanki ya zuba a na farko laka mai nauyi ta kwanta, ya tsallaka na biyu ya ƙara washewa, daga na ƙarshe a jawo shi a sake wanki da shi. Ta haka ruwa guda zai yi aiki sau da yawa, abin da kowane mahaƙi ke nema da rani, rafi kuma ya huta. Inda ruwan ya yi tsami ana zuba masa farar ƙasa. Lakar da ta taru a binne ta, ramin da aka gama da shi a cike. Amma lalle a sani, tafasa ruwa ba ya fitar da dalma, kuma ruwan da alif ya wanke ya yi garau yana iya zama da guba, domin ba ta da launi, ba ta da wari. Awon masana kaɗai ke gano ta.

Doka ma akwai ta. Dokar ma'adinai ta 2007 ta haramta gurɓata ruwa, ta wajabta gyara wuri bayan haƙa, ta kuma tanadi kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Cikas ɗin shi ne ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne, ƙasa tana hannun gwamna tun dokar 1978, ruwan sha kuwa sai ya faɗa tsakani, kowa yana jiran wani.

Ya kamata Gwamnatin Jihar Bauci ta sa a riƙa auna ruwan rafuka da rijiyoyin da ke kusa da wuraren wanki, da damina da rani, a kuma karanta sakamakon a rediyo da Hausa. Kwalejin da ke jikin Gwallameji da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa suna da ɗakunan awo da ɗalibai masu neman aikin gwaji. Sarakunan Hausawa na Kurmi da ƙungiyoyin 'yan asalin Bauci kuwa, da suke tara kuɗin burtsatse don garuruwansu, su ware na awon ruwan tun kafin a fara ɗiba.