Sharhi: Idan magani ya ƙi ci a cutar sikizofiriniya, ina mafita?

A 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 24 ne ke fama da sikizofiriniya, nau'in taɓin hankalin da kan sa mutum jin muryoyin da babu su, ko ya riƙa zargin ana farautarsa. Kusan ɗaya cikin uku na majinyatan ba sa samun sauƙi daga magungunan da aka saba bayarwa.

Likitoci ba sa cewa magani ya ƙi ci sai an gwada iri biyu, kowanne aƙalla mako shida, an kuma tabbatar majinyacin yana sha. Mai yawan tsallake ƙwaya, akan mayar da shi kan allurar wata-wata.

Idan duk da haka ciwon bai lafa ba, maganin da aka fi dogara da shi shi ne clozapine. An janye shi a 1975 bayan wasu sun mutu a Finland, saboda yakan rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cututtuka. Wani bincike a Amurka a 1988 ya nuna kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka sha shi sun samu sauƙi, yayin da chlorpromazine ya taimaki kashi 4 kacal. Daga nan aka dawo da shi, bisa sharaɗin gwajin jini kowane mako a watannin farko.

A nan gizo ke saƙa a Najeriya. Iyalin da ke ƙauye mai nisa da asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware, Barnawa, Dawanau ko Maiduguri, da wuya su jure kuɗin mota da na gwaji mako-mako. Ga shi kuma 'yan Afirka ta Yamma da yawa, bisa halitta, fararen ƙwayoyin jininsu ba su kai na Turawa ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Idan aka auna su da ma'aunin Turai, sai a hana su maganin.

Wanda clozapine kaɗai bai wadatar ba, akan haɗa masa da jinyar lantarki bayan an sa shi barci, tare da ba iyalinsa horo.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyata. Amma muddin gwajin jinin bai sauko manyan asibitocin ƙananan hukumomi ba, iyalan da suka gaji za su ci gaba da kai 'yan uwansu gidajen mari.