Abin da muka koyar a ɗakin taro, nawa ne ya kai bakin rijiya?

 

Ni malamin dabbobi ne. Na fi shekara goma ina aiki a arewacin jihar Maraɗi, ina allurar rigakafi, ina kuma horar da mataimakanmu na ƙauyuka waɗanda muka fi sani da okziliyar. Yau ina so in yi magana a kan yadda muke ba da horo, kuma zan fara da laifin kaina.

Shekara uku da suka wuce, kafin a buɗe zagayen rigakafi na shekara, mun tara okziliyar a ɗakin taro har kwana uku. Na tsaya gaban allo na yi ta bayani, aka raba takardu da Faransanci, aka ɗauki hoto, kowa ya karɓi kuɗin zamansa ya koma gida. Cikin abubuwan da na faɗa har da wannan: maganin rigakafin PPR, annobar nan ta awaki da tumaki, idan aka haɗa shi da ruwansa kada ya wuce awa biyu ba a yi aiki da shi ba, kuma ya zauna cikin ƙanƙara, kada rana ta taɓa shi. Na faɗi haka a rana ta biyu bayan azahar, an ci shinkafa an ƙoshi, rabin ɗakin na gyangyaɗi.

Akwai wani saurayi cikinsu, mai ƙwazo da son aiki. Da ya je ƙauye, don kada ya ɓata wa mutane lokaci, sai ya haɗa kwalabe da yawa tun da safe, ya yi ta allura da su har la'asar. Bayan ƴan watanni cutar ta shigo: zazzaɓi, majina, kwantsa, gyambon baki, zawo. Awakin da aka yi wa alama a kunne suka riƙa faɗuwa tare da waɗanda ba a yi wa ba. Wata dattijuwa da ta rasa awaki bakwai ta riƙe kunnen wata akuya ta nuna mini, ta ce: "Malam, ashe ruwa kuka zuba musu." Da shekara ta zagayo muka koma garin, gidaje da dama sun ɓoye bisashensu.

Na daɗe ina jin haushin yaron nan. Wata rana muna zaune a kasuwar Dakoro, na ji shi yana maimaita wa abokansa wani barkwanci da ya gani a TikTok, kalma bayan kalma, har da yadda mai wasan ya karkata hula. Nan jikina ya yi sanyi. Wanda ya riƙe wasan minti ɗaya haka, ai ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Ni ne na binne magana mafi muhimmanci a tsakiyar surutun kwana uku.

Tun daga ranar na fara kallon waɗannan gajerun bidiyoyi da wani ido. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da za mu ari dabarun masu yin su, mu sa a cikin horon kiwon lafiyar bisashe. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ga abin da na lura suna yi, wanda mu ba mu yi.

Na farko, bidiyo ɗaya, magana ɗaya. Mu kuwa a zama guda muna haɗa ciwon huhun shanu, da tsutsar ciki, da kaska, da cike takardar rahoto. Da na fara gwadawa, bidiyona na farko bai kai minti ɗaya da rabi ba, kuma abu ɗaya ya ƙunsa: kwalba ɗaya ake haɗawa, sai ta ƙare a haɗa wata, awa biyu iyaka. An ga hannu yana buɗe akwatin ƙanƙara a inuwar bishiya, an ga agogon salula, an ga ana ware ragowar da ta wuce lokaci. Shi ke nan.

Na biyu, suna farawa da abin da ya dami mai kallo. Ba sa ɓata lokaci wajen jero sunayen manyan baƙi da gode wa wanda ya ba da kuɗi. Idan ana so a koyar da gane rashin jini da tsutsar ciki ke jawowa, a fara da tunkiya ramammiya mai kumburin haɓa, a ce: "Taka ta taɓa yin haka?" Sannan a ja fatar idonta ta ƙasa a nuna. Idan ja ce, da sauƙi. Idan ta yi fari fat, jini ya yi ƙasa, a nemi malamin dabbobi. Duk mai tunkiya zai tsaya ya kalla, domin tasa ya gani.

Na uku, hannu ake nunawa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Na sha bayyana bambancin allurar ƙarƙashin fata da ta cikin tsoka da baki, amma sai ka ga mutum ya soka duk inda hannunsa ya kai. A bidiyo kuwa ana matso da salula kusa, a ga yadda ake ɗaga fata da yatsu biyu, a ga inda tsinin allura ya nufa. Wanda bai gane ba ya mayar baya ya sake kallo sau goma, ba ya jin kunyar kowa. A ɗakin taro, dattijo ba zai ɗaga hannu gaban yara ya ce bai fahimta ba.

Na huɗu, fuskar da aka sani da harshen da ake ji. Da ɗan gari akan ci gari. Bidiyon da ya fi yawo cikin waɗanda muka yi, ba ni ne a ciki ba. Wata shugabar ƙungiyar mata ce, a tsakar gidanta, da jajayen awakinta irin na Maraɗi, tana nuna yadda take ware sabuwar akuyar da ta sayo daga kasuwa har mako uku kafin ta haɗa ta da sauran. Muka sa wani okziliya ya maimaita shi da Fulatanci, wani kuma da Tamajak, hoton bai canza ba. Ka kwatanta wannan da takardar Faransanci da za ta ƙare wajen mai ƙosai.

Na biyar, mai kallo yana mayar da martani. Wannan ne ya fi amfanar da ni a matsayin mai horarwa. Yanzu idan na tura bidiyo a zauren WhatsApp na okziliyar, nakan ce kowa ya ɗauko nasa yana yin abin ya turo. A nan na gano wani yana amfani da allura ɗaya daga garke zuwa garke ba tare da ya canza ba. Shekara biyu yana zuwa horo, yana amsa tambayoyi daidai, ban taɓa sani ba. Na kira shi shi kaɗai muka gyara.

Akwai kuma waɗanda ɗakin taro bai taɓa kaiwa gare su ba. Yawancin awakin gidajenmu na mata ne, ko na gado ko na habbanaye, amma mace nawa ce za ta bar yara da girki ta yi kwana uku a birni? Yaron da ke bin shanu arewa da damina, wanda shi ne zai fara ganin saniya tana tari, wa ya taɓa gayyatarsa horo? Mai gida ake kira, shi kuma ya dawo da hula da riga mai tambarin furoje. Bidiyo kuwa yana shiga har cikin ɗaki, yana zuwa har mashaya.

Na san akwai masu ja, kuma wasu maganganunsu gaskiya ne.

Wasu sun ce babu rezo a daji, mega kuma da tsada. Haka ne. Amma ku dubi yadda waƙoƙi da finafinan Hausa suke kaiwa rugar da ko sandar rezo ɗaya babu. Ranar kasuwa ake kai salula wurin mai caji, ya zuba su a katin memori, ko a tura wa juna ta Xender da Bluetooth ba tare da an kashe ko dala ba. Hanyar tana nan, mu ne ba mu bi ta ba. Abin da ake bukata shi ne bidiyon ya zama gajere mara nauyi, wanda ƙaramar salula za ta iya buɗewa. Wanda kuma tasa ba ta nuna hoto, a yi masa saƙon murya. Ƙungiyar RECA ta daɗe tana ba manoma shawara da saƙon murya ta WhatsApp cikin harsunan gida, kuma mutane sun karɓa.

Wasu manyanmu a aiki sun ce wannan wasan yara ne, zai zubar da mutuncin sana'a. Ina girmama su, su suka koya mini riƙe sirinji. Amma mutuncinmu yana ga bisashen da suka rayu. A 2011 aka bayyana cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya, cutar da kakanninmu suka yi kuka da ita. Yanzu hukumar FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake so a gama da PPR. Maganin yana da kyau, allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. Amma daga inda aka yi shi har zuwa jikin akuya, hannu nawa yake bi? Idan hannun ƙarshe ya kuskure, duk wahalar ta tashi a banza.

Magana ta uku ita ce ta fi nauyi: idan aka nuna wa kowa yadda ake allura, kowa zai zama likita. Wannan tsoro nawa ne ni ma. Tun yanzu kasuwanninmu cike suke da magungunan da rana ta gasa a kan tabarma, kuma masu tallar maganin "kashe cuta dubu" sun riga mu shiga salula. Don haka dole a raba bidiyo gida biyu. Akwai na kowa da kowa: gane alamun cuta, ware mara lafiya, kiran malamin dabbobi da wuri, daina shan nono da cin naman dabbar da aka yi wa allura har kwanakin da aka rubuta a kwalba su cika. A nan ne za a nuna yadda ake ɗaukar ɗan da dabba ta yi ɓari, da leda a hannu, a binne shi da zurfi. Waɗanda suka ga zazzaɓin Rift da ya ɓulla a yankin Cintabaraden a 2016, ya kashe bisashe da mutane, sun san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai kuma na okziliyar kaɗai, wanda ya shafi awon magani. Misali, oksitetrasiklin mai dogon aiki na kashi 20 cikin ɗari mililita 1 ne ga kilo 10, ibamektin na kashi 1 cikin ɗari kuwa mililita 1 ne ga kilo 50. Wanda ya rikita su ya yi ɓarna. Irin wannan a zauren ma'aikata zai tsaya, kuma kowane bidiyo sai likitan dabbobi ya duba shi kafin ya fita, domin kuskuren da ya shiga salula ba ya dawowa.

Akwai kuma halayen masu bidiyo da ba za mu ara ba. Ba za mu yi ƙarin gishiri don a kalla ba. Ba za mu ɗauki garken mutum ko fuskar iyalinsa ba sai da izininsa, kun san makiyayi ba ya son a ƙidaya masa dukiya. Ba za mu kunyata wanda ya yi kuskure a gaban jama'a ba. Yawan masu kallo kuma ba shi ne ma'auninmu ba. Ma'aunin shi ne, da muka koma garin, an daina haɗa kwalba biyar da safe ko ba a daina ba?

Kada kuma a fahimce ni da cewa a daina haɗuwa. Salula ba za ta koya maka nauyin bijimi idan ya yi tirjiya ba, ba za ta sa ka ji zafin kunnen akuya mai zazzaɓi ba. Abin da nake cewa shi ne, bayani ya riga mutum isa. A tura bidiyoyin mako biyu kafin taro. Ranar haɗuwa kuma a bar ɗakin taro, a tafi shingen rigakafi ko bakin rijiya, kowa ya kama dabba ya yi da hannunsa ana gyara masa. Kwana ɗaya irin wannan ya fi mini kwana uku a kan kujera. Bayan an rabu, a ci gaba da tunatarwa daidai da lokaci: maganar tsutsar ciki da kaska idan damina ta kama, maganar rigakafi kafin zagaye ya fara, maganar ajiyar harawa da dusa tun da kaka.

Ina da roƙo biyu. Ga masu furoje da ke ba da kuɗin horo: cikin abin da ake kashewa a hayar ɗaki da lemo da buga takardu, a ware kaɗan a sayi salula mai kyamara mai kyau da katunan memori, a koya wa malaman dabbobi da okziliyar yadda ake ɗauka da yankewa. Ga ku kuma shugabannin ƙungiyoyi: a taronku na gaba ku zauna ku fitar da abubuwa biyar da suka fi kashe muku bisashe, ku kawo wa malamin dabbobin yankinku. Ku zaɓi mutum ɗaya, namiji ko mace, wanda ake jin maganarsa, ya tsaya gaban kyamara. Ku kuma san wanda zai riƙa kai katin wurin mai caji ranar kasuwa.

Saurayin nan da na ba ku labari har yanzu muna aiki tare. Shi ne ma ke riƙe mini salula idan muna ɗauka, kuma hannunsa ne aka gani a bidiyon awa biyu. Bara mun koma garin dattijuwar. Ba duka gidaje suka fito da bisashensu ba, amma ita ta fito da nata huɗu da suka rage da ƴaƴansu. Ta tsaya a kanmu har aka haɗa kwalbar a gabanta, sannan ta saki igiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.