Bayan an ɗaga takobi, wa ke tuna ɗan kokowa?

'Yan uwa matasa, bari in fara da gidanmu. Mahaifina ba mai yawan magana ba ne, amma da sanyi ya shigo, aka buɗe gasar takobi, sai ya koma wani mutum dabam. Rediyo manne a kunne, Muryar Sahel na kawo kokowa kai tsaye, mu yara mun kewaye shi. In ɗan Maraɗi ya yi kaye, har mahaifiyarmu sai ta bar tukunya ta yi guɗa. A bakinsa na fara jin sunan Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, da Salma Ɗan Rani na Doso, da Langa-Langa na Damagaram.

Bana bayan girbi na je ƙauyen kakannina. Na tambayi ina ake kokowar dare, irin wadda mahaifina ke ba mu labari, wadda samari ke yi a dandali da farin wata in hatsi ya shiga rumbu. Aka yi mini dariya. Samarin sun tafi cin rani, waɗanda suka rage kuma suna rumfar kallon ƙwallo, ana musun Real da Barça. Sai aka nuna mini wani dattijo zaune bakin masallaci, sanda a gefensa. Da can, in ji su, bayansa bai taɓa ƙasa ba a duk karkarar. Yau gwiwarsa ta mutu, kuɗin zuwa likita ma sai an yi masa karo-karo.

Tun ranar abin ke cina. Kowace shekara jihohi 8 na turo 'yan kokowa goma-goma, mutum 80 ke nan. Kwana kamar goma ƙasa duka na kallonsu a Télé Sahel, manya na jere a rumfa, 'yan kasuwa da 'yan siyasa na sanar da kyauta a lasifika don a ji sunansu. Mutum ɗaya ke tafiya da takobi. Saura 79 fa? Su koma gona da ciwon kafaɗa da na baya, sai wata shekara in da rai.

Kada a ce ina ƙyashin Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗaga takobi sau da dama. Guminsa ne, Allah Ya ƙara. Kuma ban ce a daina kallon ƙwallo ba, ni ma ina kallo. Abin da nake cewa shi ne: mun sa wa filin kokowa na Maraɗi sunan Kantu, na Damagaram sunan Langa-Langa, amma suna a bango ba ya sayen magani. Kuma gwanin gobe ba a babban fili ake haihuwarsa ba, a dandalin ƙauye yake koyon kamu. In dandali ya mutu, takobi zai zama biki kawai.

To me za a yi? Na ɗaya, a ware wani kaso daga kuɗin gasa da kyaututtukan da ake sanarwa, a kafa asusun lafiya na 'yan kokowa, tsofaffi da masu ci yanzu, a kuma riƙa faɗa wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita. Na biyu, magadan gari su tsare filayen unguwa, a daina yanka su ana sayarwa, a maido da kokowar yara bayan girbi da lokacin hutun lakwal. Na uku namu ne. Kowace fada na da waya mai kyamara. Ku nemi tsohon ɗan kokowar garinku, ku kai masa goro, ku ɗauki labarinsa da kirarinsa tun yana da rai. Kuɗin shayin mako guda ya isa mota.

Ni dai na koma wajen dattijon nan kafin in baro ƙauye. Na ce ya yi mini kirarinsa. Ya yi shiru, can ya dafa sanda ya miƙe tsaye, ya ce ba a yin kirari a zaune.

A garinku wa ya rage? Ku faɗa mana, mu je mu gaishe shi.