Kyautar fada da kyautar gidan likita

Wata damana, cikin Satumba, gero ya fara fidda kai, ina gona a nan Mai Yara sai ga yaro a guje. Ƙanwata ce ta aiko shi daga ƙauyen da take aure: ɗanta mai shekara biyu jikinsa ya yi rau tun dare, da asuba kuma ya fara fizge-fizge. Muka ɗora su a amalanke muka nufi gidan likitan da ya fi kusa da su. Majo, mai kula da gidan likitan, ya tsaga ɗan yatsan yaron, ya ɗiga jinin a abin gwaji, ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya kuwa yi tsanani. Sai ya dube ni ya ce, "Malam, aikina kyauta ne, haka doka ta ce. Amma allurar da yaron nan yake buƙata ta ƙare mana tun makon jiya." Ya rubuta ordinans, takardar sayen magani a waje, ya miƙo mini. Da ya ga fuskata ta sauya, ya jawo aljihun teburinsa ya fiddo wani ƙunshin takardu da aka ɗaure da tsinken roba. Takardun bashin da suke bin gwamnati ne, na yaran da suka duba kyauta wata da watanni, ba a biya ba. Ƙanwata ta kwance bakin zanenta ta ce, "Yaya, jika ɗaya da dala arba'in ke gare ni." Kafin la'asar akuyarta ta bar gidan. Yaron ya tashi, alhamdu lillahi, yanzu har yana bin ubansa gona.

Tun ranar kalmar kyauta take mini nauyi a baki. A ƙasar nan muna kiran abu biyu da sunan nan, kuma ko ɗaya bai cancanci sunan ba. Abin da ake kai wa shugaba a fada daga waje farashi ne na wani abu da za a karɓa gaba. Abin da aka ce an ba yaranmu a gidan likita kuwa haƙƙinsu ne, da kuɗin ƙasarsu, ba alherin kowa ba.

A zamanin Tandja Mamadou aka kafa dokar. A 2005 aka ce fiɗar haihuwa kyauta ce, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mu mutanen Dakoro mun san darajar wannan shawara fiye da kowa, domin mun ga 2005 da idonmu, lokacin da mata suka yi ta jerin gwano da yara masu tamowa a ƙofar cibiyoyin MSF. Kuma gaskiya dokar ta yi aiki: uwar da a da take tsayawa jiƙe-jiƙe har kwana uku saboda ba ta da kuɗin kati, sai ta fara goya ɗanta ta tafi tun ranar farko. Inda aka samu tangarɗa shi ne wajen biya. Tsarin shi ne gidan likita ya duba yaro, ya ba shi magani daga kantarsa, ya rubuta takarda ya tura sama, gwamnati ta mayar masa da kuɗin ya sake sayo magani. Idan kuɗin ya makara wata shida, ko shekara, kanta ta bushe. Majo ba ya buga kuɗi. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun daɗe suna rubutu a kan wannan ciwo, bashin ya taru har ya kai dubban miliyoyin sefa, kuma kowace gwamnati ta zo ta tarar da shi.

To a cikin waɗannan shekarun ne maganar jirgi ta taso. A watan Disamban 2012, 'yan adawa na ƙawancen ARN suka fito suka ce an shigar da miliyar 17 na sefa cikin kasafin kuɗin 2013 da sunan tallafi daga Areva, kamfanin Faransa da ke haƙar yuraniyom a Arlit a lokacin, kuma an ware miliyar 10 daga ciki don sayen jirgin shugaban ƙasa. Da fari kamfanin ya musanta, daga baya ya amsa cewa zai ba Nijar Yuro miliyan 35. Wani ɗan fafutuka Bafaranshe, Stéphane Lhomme, ya kira abin da sunan sayen fada, Areva ya maka shi kotu, kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta wanke shi a Janairun 2015. A tsakanin nan, a 2014, gwamnatin Issoufou Mahamadou ta sayo Boeing 737 a kan kimanin miliyar 20, aka raɗa masa suna Mont Gréboun. Hukuma ta ce daga baitulmali aka biya, kuma tsohon jirgin, Mont Bagzane, tun zamanin Seyni Kountché yake tashi, ya tsufa.

Ban ƙi wannan hujja ba. Ƙasa mai faɗin Nijar, daga Diffa zuwa Tera, shugabanta yana buƙatar abin hawa, kuma ba na fatan kowa ya hau jirgin da zai faɗo da shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da abin ya faru. Yarjejeniyar ma'adinan Areva na SOMAIR da COMINAK tana ƙarewa a ƙarshen 2013, ana shirin zama a teburi a yi ciniki a kan harajin da kamfanin zai riƙa biya, aka kuma sa hannu a sabuwa a watan Mayun 2014. Duk wanda ya taɓa kai raƙumi kasuwa ya san ba ka cin tuwon mai saye a daren jajibiri, sannan gobe ka tsaya ka ce albarka da ƙarfin murya. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Ko da a ce ba ko dala ɗaya ta kamfanin da ta shiga kuɗin jirgin, zargin kaɗai ya ci amanar da talaka ya ba masu ciniki da sunansa.

Akwai kuma wadda ta zo daga 'yan'uwanmu na kudu. A watan Agustan 2022 ministar kuɗin Najeriya, Zainab Ahmed, ta tabbatar da cewa gwamnatin Muhammadu Buhari ta kashe sama da naira biliyan ɗaya wajen saya wa Nijar motoci goma ƙirar Land Cruiser, aka ce don taimaka wa tsaro. Jami'o'in Najeriya a rufe suke lokacin, malamai suna yajin aiki tun Fabrairu, mutanen can suka yi ta faɗa. Mu a nan ba mu ce uffan ba, tun da mu aka ba. Ni dai da na ji labarin, abin da ya faɗo mini shi ne mace mai naƙuda da ake jira a haɗa kuɗin man mota kafin a ɗauke ta zuwa Dakoro ko Maraɗi. Mota goma masu iya yashi, a karkara irin tamu, rayuka ne. Wa ya roƙa, wa ya zaɓi irin motar, wa yake hawansu yau? Talaka yana da ikon ya ji amsa.

Kada wani ya ce wannan tunanin Nasara ne. Malamanmu sun karantar da mu labarin Ibn Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya raba kayan biyu, ya ce ɗaya na jama'a ne ɗaya kuma shi aka ba. Aka tsawata masa a bainar jama'a, aka nuna masa cewa da a gidan iyayensa ya zauna ba wanda zai kawo masa komai. Ma'aunin ke nan, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi ba: in ba don kujerar ba, da an ba ka? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a Kitabul Farƙ, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin ɗabi'un da ya soka a ƙasar Hausa. Mun san wannan tun daga ƙofar mai gari. Wanda ya kai zakara fada kafin shari'ar iyakar gona ba don ƙauna ya kai ba.

Manyan ƙasashe ma ba su tsira ba. Lu'ulu'un da Bokassa ya ba Giscard d'Estaing, da jarida ta fallasa a 1979, sun bi shi har zaɓen 1981 da ya faɗi. A watan Mayun 2025 muka ji a rediyo cewa gwamnatin Donald Trump ta karɓi Boeing 747 daga Qatar, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa dalar Amurka miliyan 400, alhali kundin tsarin mulkinsu ya hana mai riƙe da muƙami karɓar kyautar wata ƙasa ba da yardar majalisa ba. Wata biyu bayan haka Trump ya sa hannu a dokar da ta zaftare kuɗin Medicaid, inshorar lafiyar marasa ƙarfi, ofishin kasafin kuɗin majalisarsu ya ce mutum kusan miliyan 10 za su rasa inshora nan da 2034. A shekarar ce kuma aka rushe USAID, wadda kuɗinta ke saya mana gidan sauro da maganin zazzaɓi. Wannan ya isa ya tashe mu daga barci. Lafiyar ɗanka in ta rataya a kan alherin wani, ranar da ransa ya ɓaci ka shiga uku.

Zan faɗi abin da na yaba. A watan Agustan 2024 hukumomin Janar Abdourahamane Tiani suka rage kuɗin ganin likita, da gwaje-gwaje, da kwanciya a asibitocin gwamnati da rabi, suka ce haihuwa kyauta ce, suka soke jika 150 da ake karɓa wajen masu wankin ƙoda. Na yi murna, mata a ƙauyenmu sun yi guɗa. Sai dai na tuna da aljihun teburin nan. Rabin da aka ɗauke wa talaka bai ɓace ba, wani ne zai biya, kuma in baitulmali bai biya a kan lokaci ba, zai dawo wa uwa a takardar ordinans.

Kundin tsarin mulkin 2010 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya bayyana dukiyarsa a rubuce cikin sa'o'i 48 bayan rantsuwa, a buga a jarida kowa ya gani. An jingine kundin tun juyin mulkin Yulin 2023. Masu mulkin yau sun ce gyara suka zo yi, sun kafa hukumar COLDEFF don bin sawun kuɗin ƙasa, sun karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imouraren daga hannun Orano, wato tsohon Areva. To sababbin abokai sun shigo, daga Rasha, da Turkiyya, da Sin, da ƙasashen Larabawa, kuma su ma da hannu biyu suke zuwa gaisuwa. Ina roƙon a buɗe littafi guda a fadar shugaban ƙasa: duk abin da wata ƙasa ko wani kamfani ya kawo, daga agogo har jirgi, a rubuta wanda ya bayar, da ranar, da kimarsa, da inda aka ajiye shi, a karanta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Wanda ke ciniki da gwamnati kuwa kada a karɓi ko goronsa. Shugaba da ministocinsa su bayyana dukiyarsu ranar shiga da ranar fita.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. A sa doka cewa ba za a sayi sabuwar motar alfarma ko ɗaya ba sai an biya gidajen likita bashin wata ukun da suka wuce, a kuma liƙa a ƙofar kowane gidan likita nawa aka turo da ranar da aka turo. Sauro ba ya jiran kasafin kuɗi. Daga Agusta zuwa Oktoba yake ɗibar yaranmu, kuma ƙanwata har yau ba ta mayar da akuyarta ba.