Sharhi: Abin da Dajin Bama Ya Koya wa Dakarun Birtaniya



A shekarar 1942 sojojin Japan sun fatattaki dakarun Birtaniya daga ƙasar Bama, suka bi su har iyakar Indiya. An horar da waɗannan dakaru ne don yaƙin fili da bin titi da mota, sai ga su a ƙungurmin daji. Japanawa kan ratsa kurmi su ɓullo ta baya su tare hanya, nan take runduna ta ruɗe.

Janar William Slim, wanda ya karɓi Runduna ta 14 a 1943, daga tushe ya ɗauko gyara. Aka mai da sojoji daji, can kwana can wuni. Aka yawaita sintiri har tsoron Bajapane ya fita daga zukata. Kuku da akawu da direba kowa ya koyi harbi, don a daji ko'ina bakin daga ne. Aka ce musu in an yi muku ƙawanya ku tsaya cak, abinci da harsashi za su zo ta sama. A Fabrairun 1944 aka gwada haka a Arakan: jirage suka yi ta jefo kaya da laima, daga bisani Japanawa suka janye. A watan Afrilu kuma, a Kohima, bataliyar Royal West Kent da abokanta suka dage wajen mako biyu, filin wasan tanis kawai ke tsakaninsu da abokan gaba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yaƙi da sauro. A 1943, duk soja ɗaya da rauni ya kwantar, cuta ta kwantar da kusan 120. Slim ya wajabta shan ƙwayar mepacrine ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro kullum, ana binciken ba-zata, kwamandan da mutanensa suka yi sakaci kuwa a tuɓe shi. Uku ya tuɓe, sauran suka shiga taitayinsu. A ganina wannan ƙwaya ta yi aikin da igwa ba ta yi ba.

Kakanninmu ma sun sha wannan daji, a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ta 81 har kwarin Kaladan. Duk wanda tsohon gidansu ya je yaƙin Bama, don Allah ya nemi labarinsa wurin dattawa ya rubuta tun suna raye.