Famfas Ba Ya Jinya: Wasiƙa Zuwa ga Masu Kula da Tsofaffi da Marasa Lafiya

'Ya'yana da ƙannena masu aikin jinya, na asibiti da na gida, har da ku masu kemis da ake tsayawa gabanku a yi ƙasa da murya a ce, "Wanne ne ya fi riƙe ruwa?"

Yabon gwani ya zama dole, don haka bari in sauke shi tukuna. Kun fi mu karatu, kun san magungunan da ba mu taɓa jin sunansu ba, kuna aiki da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, kuma sau da yawa nas ɗaya ce a kan ɗaki guda. Allah Ya saka muku da alheri. To, ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Kwanakin baya na je dubiya gidan wata ƙawata. Mahaifiyarta ta haura shekara 80, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita. Tun daga bakin ƙofa hancina ya gaya mini abin da turaren wuta yake ƙoƙarin rufewa. Sun ɗauko mata mai jinya, yarinya mai ladabi, da takardarta ta makaranta. Na ce, "'Yata, zo mu juya Hajiya tare." Da muka yaye zane sai ga famfas biyu, ɗaya cikin ɗaya, dukansu mafi girman da ake sayarwa, a jikin tsohuwar da ƙugunta bai fi na 'yar shekara 12 ba. Na ciki ya cika ya yi nauyi, fitsari ya bi ta cinya ya ratsa zanen gado har katifa. Na waje kuwa a bushe yake ƙayau, kamar yanzu aka zaro shi daga leda. Matsematsinta ya yi jajur, hoda da basilin sun cakuɗe a wurin kamar ƙullun ƙosai. Na tambaya yaushe aka sa mata. "Bayan magariba, Mama." Lokacin ƙarfe 10 na safe ne. Ku ƙirga awannin da kanku.

Ban yi wa yarinyar faɗa ba, don ba ita ta ƙirƙiro wannan ba, koya mata aka yi. Waɗanda suka koya mata nake nema.

Wa ya gaya muku famfas biyu sun fi ɗaya? Ku ɗauki guda ku duba bayansa. An yi shi ne musamman don kada ruwa ya ratsa. Idan na ciki ya cika, fitsari ba shi da hanyar sauka cikin na waje, sai ya nemi gefe, gefen kuwa kun riga kun buɗe masa, tunda kaurin biyun ya ɗaga robar cinya daga jiki. Kuɗin famfas biyu, aikin da bai kai na ɗaya ba, ga zafi da gumi a kan fatar da dama ta gaji. Na ji wasu ma suna tsaga na cikin da reza wai don ruwa ya wuce. Sai garin da ke cikin audugarsa ya watse ya manne wa mara lafiya a jiki. Idan ƙari ake buƙata, akwai audugar da aka yi don haka, wadda ba ta da leda a bayanta. Idan ta ƙoshi sai ta miƙa wa famfas ɗin sauran. Ita ake sawa, ba famfas na biyu ba.

Abin da ke riƙe ruwan ba kauri ba ne. A cikin audugar akwai wani farin gari mai kama da sikari, wanda idan ya sha ruwa yake kumbura ya daskare kamar dafaffen sitaci, ko an danna ba ya saki da sauƙi. A farkon shekarun 1980 aka fara sa shi a famfas. A tsabtataccen ruwa yana shan nauyinsa sau ɗaruruwa, amma a fitsari, saboda gishiri, bai cika wuce kamar sau 30 ba. Don haka mai kemis da ke matsa leda yana ce wa mutane "ji kaurinsa, Alhaji", bai gaya musu komai ba. Siririn famfas mai wadatar wannan gari ya fi tulin auduga da za ta dunƙule tsakanin cinya kafin tsakar dare.

Lambar da aka rubuta a jikin leda ma ku bi ta a hankali. Yadda ake samo ta shi ne a tsoma famfas ɗin gaba ɗayansa cikin ruwan gishiri, ya sha ta ko'ina, a tsame a auna. Ba wanda ya kwanta a kai. Shi kuwa mara lafiya nauyinsa na danne da audugar, fitsari na zubowa wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, in ya kwanta ta gefe ma ya gangara inda babu auduga sosai. Ni dai ban taɓa ɗora wa famfas fiye da rabin abin da aka rubuta ba. Zanen ɗigon ruwan da ake jerawa a leda kuma kowane kamfani da nasa ma'auni. Ɗigo 8 na wannan ba shi ne ɗigo 8 na wancan ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ku san naku majinyacin. Babban mutum yana fitar da fitsari tsakanin mililita 800 zuwa lita 2 a rana, mafitsara kuma idan ta cika tana sauke kusan cikin ledar fiya wata guda. Tsofaffi da yawa rabon dare ya fi yi musu yawa, musamman mai kumburin ƙafa, wanda ruwan da ya taru da rana yake komawa cikin jini da zarar ya miƙe a gado. Haka mai ciwon suga da ba a daidaita ba. Haka wanda ake ba maganin sa fitsari irin su furosemide da yamma maimakon da safe. Wannan likita za ku koma wa, ba mai kanti ba. In kuna son sanin gaskiya, ku ɗora famfas ɗin da aka cire da asuba a sikeli, ku cire nauyin busasshe. Kowane giram mililita ɗaya ne. Dare uku ya isa ku san irin wanda za ku saya.

Sai girma. Wannan ya fi komai ba ni haushi, don tef ɗin tela kawai yake buƙata. A auna ƙugu, a auna kwatangwalo, a ɗauki wanda ya fi, a duba lambar jikin leda. Babban famfas ba ya nufin mai shan ruwa da yawa; girma daban, ƙarfin sha daban. Yawancin yoyon da na gani a aikina ta ramin cinya ya fita, audugar ko rabi ba ta jiƙe ba. Kafin a sa, a ninke shi gida biyu ta tsawo don 'yan katangun nan na ciki su miƙe tsaye, su ne ke tare kwararar farko. A kai robar cikin lungun cinya, ba a kan cinya ba. Maɗaurin ƙasa ya kalli sama, na sama ya ɗan kalli ƙasa. Idan namiji ne a tabbata gabansa yana kallon ƙasa. Wanda yake iya takawa zuwa banɗaki a ba shi mai kama da gajeren wando, a bar shi ya taka. Wanda yake kwance, mai maɗauri. A zafin bazara kuma a nemi mai bayan da iska ke shiga, ko da ya ɗan fi tsada. Araha ba ta ado.

To, a ce kun zaɓa daidai, kun sa daidai. Nan ne laifi na biyu yake, kuma shi ne babba: kun mai da famfas mai ƙarfi lasisin barci.

Mu da muka fara aiki babu famfas ɗin manya a ɗakunanmu. Makintosh ne, wato shimfiɗar roba, da guntun zanen gado a kansa, da tasa, da kwanon ruwa. Ba na cewa zamanin ya fi daɗi; hannuwanmu sun sha wanki har sun tsage, majinyata kuma sun sha jiƙa. Amma da yake jiƙar a fili take, ba ta ɓuya. Matiron ɗinmu, Allah Ya ji ƙanta, takan shigo da fitila ƙarfe 2 na dare, ba ta tambayar kowa komai, sai dai ta zura tafin hannu ƙarƙashin mara lafiya. In ta ji danshi, kallo ɗaya za ta yi miki ki gwammace duka. Kowace awa 2 ana juya wanda ba ya iya juya kansa, a duba ƙashin gindi, da kwatangwalo, da dunduniya. Gyambon kwanciya a ɗakinki abin kunya ne da za a yi ta maganarsa har ɗakin kwanan ɗalibai. Ba matiron ce ta ƙago hakan ba: tun a 1859 Florence Nightingale ta ɗora alhakin gyambon kwanciya a kan jinya, ba a kan cuta ba. Yau kuwa sai in ga gyambon da hannu zai shige, a ce mini wai tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Dare ne da ba wanda ya tashi.

Famfas yana shan fitsari, ba ya juya mutum, kuma ba ya shan bayan gida. Idan kashi ya haɗu da fitsari, ƙwayoyin cuta suna sakin wannan zarnin mai hawa kai, shi kuma ya lalata ɗan tsamin da ke kare fata. Fatar ta jiƙa ta yi laushi, ja ɗaya a kan zanen gado sai ta saɓule. Don haka bayan gida ba ya jiran safiya, komai tsadar abin da aka ɗaura. Na yarda, wanda yake juya kansa, fatarsa lafiya, famfas mai kyau zai bar shi ya yi barcinsa ba a tashe shi ba, barci kuma magani ne. Amma leƙawa ba tashi ba ce. Akwai layin da ke sake launi a bayan mafi yawansu. Idan ya ci kashi biyu cikin uku, a sake. Ga fitila a wayar kowannenku, wadda ta fi ta matiron haske.

Hoda kuma ku bar ta. Basilin da ake laftawa yana toshe fuskar famfas ɗin, fitsari ya rasa hanyar shiga ya tsaya a kan fata. Ruwan ɗumi, a dunƙula tsumma mai laushi a tsane ba gogawa, sannan a shafa man zinki siriri yadda za a iya hango fata ta ƙarƙashinsa.

Akwai wata dabara da ke tafiya tare da wannan lalaci, ita ce hana tsoho ruwa tun la'asar don kada ya jiƙa gado. Duk wadda ta yi aiki da mata masu yoyon fitsari ta san ƙarshen wannan. Suna zuwa sun taƙaita wa kansu ruwa, fitsarin ya yi kauri ya yi duhu, ya cinye musu cinyoyi, wasu har da tsakuwa a mafitsara. Dokta Kees Waaldijk, likitan nan ɗan ƙasar Holan da ya yi wa dubban mata aiki a Babbar Ruga ta Katsina, an san shi da nacewa a kan majinyatansa su sha ruwa da yawa. In dai ba likita ne ya ƙayyade ba saboda zuciya ko ƙoda, ku ba tsoho ruwansa da rana sosai. A rage shayi da lemon kwalba da dare, wannan daidai ne. Amma ƙishirwa ba jinya ba ce.

Na san za ku ce, "Mama, ba ki san tsadar abin ba." Na sani, ni ma 'yar fansho ce. Sai dai ku yi lissafi: biyu masu araha kowane dare, da wankin zanen gado, da katifar da ta ruɓe, da kuɗin wanke gyambo na wata da watanni. Gidan da ba su da hali kuwa, ku gaya musu gaskiya, ƙunzugun tsumma mai tsabta da ake sakewa a kai a kai ya fi famfas ɗin da zai kwana ya wuni.

Ku kuma tuna da kunya. Dattijon da ya aurar da 'ya'ya ba zai buɗi baki ya ce wa sa'ar jikarsa ya ɓata kansa ba. Zai juya fuska bango ya yi shiru har gari ya waye. Shirunsa ba bushewa ba ce. A rufe ƙofa, a sallami 'yan dubiya, a ce "Baba, bari mu gyara shimfiɗa", kada a ambaci famfas a gaban baƙi. Malamanmu sun sauƙaƙa wa mai salasul bauli, wato wanda fitsari ke kufce masa, a Risala ma alwala ga kowace salla mustahabbi ce gare shi, amma sauƙin shari'a ba uzurinmu ba ne. Tsohuwar da ta shekara 70 tana tashi asuba tana son ta fuskanci alƙibla da tsabta, ko da kwance za ta yi sallar. Ku sa sakewar safe ta riga kiran salla.

Ku yafe mini in harshena ya yi kaifi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ba don na raina ku ba ne. Hannunku ne ni ma zan faɗo in Allah Ya ja kwana. Yarinyar nan da na ba ku labari, da kanta ta aro tef wajen tela ta auna Hajiya, aka sayo ƙarami. Da na koma bayan mako biyu jan ya baje, ba a kuma kunna turare don ɓoye komai ba.

Yau da dare, kafin ku kwanta, ku zura hannu ƙarƙashin majinyacinku. Ƙarfe 2 kuma ku sake tashi ku duba.

Wassalam.

Taku,
tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Kano